Darasi na Goma Sha Huɗu: Jauhar, Sarkin Yaƙin da Ya Kafa Birnin Alƙahira

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta unguwar Azhar a birnin Alƙahira zai tarar da wani titi da ake kira Titin Jauhar al-Ƙa'id. Mai wannan suna shi ne ya aza harsashin birnin, shi ne kuma ya gina masallacin Azhar. Bai gaji sarauta ba, bai kuma taɓa zama sarki ba. Bawa ne da aka 'yanta, ya zama magatakarda, ya zama sarkin yaƙi, har ya riƙe ƙasar Masar shekara huɗu da sunan ubangidansa. Wannan darasi zai bi tarihinsa ta fuskar yaƙi da ta mulki, domin ɗalibi ya ga irin kalmomin da Hausawa ke amfani da su wajen ba da labarin sarauta da yaƙi. A karanta a hankali, sannan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Asalinsa

Cikakken sunansa Abul Hasan Jauhar ɗan Abdullahi. Marubutan tarihi na Larabawa suna yi masa laƙabi iri-iri, kowane laƙabi kuwa yana nuna wani abu game da shi. Suna ce masa as-Siƙilli, wato mutumin tsibirin Sisili. Suna ce masa ar-Rumi, wato Barume, domin a wancan zamani Larabawa suna kiran mutanen daular Kustantiniyya, inda birnin Istanbul yake a yau, da sunan Rumawa. Suna kuma ce masa al-Katib, wato magatakarda, da al-Ƙa'id, wato jagoran mayaƙa.

Jauhar ya tashi ne a gidan sarautar Fatimiyyawa. An kafa daularsu a shekarar 909 a ƙasar da ake kira Tunisiya a yau. Sarakunanta 'yan Shi'a ne na reshen Isma'iliyya, suna danganta kansu da Nana Fatima, suna kuma ganin su suka cancanci halifanci, ba Abbasiyawan Bagadaza ba. Halifa Mansur ne ya 'yanta Jauhar. Da Mu'izzu ya gaji mahaifinsa a shekarar 953, sai ya jawo shi a jika, ya riƙe shi magatakarda. Ke nan da alƙalami Jauhar ya fara aiki, ba da takobi ba. A fada ya koyi rubuta wasiƙa, da lissafin dukiya, da sanin halin mutane, kuma wannan ilimi ya yi masa rana daga baya.

Yaƙin yamma

A shekarar 958 Mu'izzu ya ba shi tuta, ya tura shi yamma domin ya dawo da garuruwan da suka juya wa Fatimiyyawa baya, suka karkata ga Umayyawan Andalus. Jauhar ya fita tare da Ziri ɗan Manad, shugaban Sanhaja. Suka ci Sijilmasa, babbar tashar fataken zinariya da ke ƙetare Sahara zuwa ƙasashen baƙar fata, suka kama sarkinta Ibn Wasul. Suka yi wa birnin Fas ƙawanya har ya faɗi a ƙarshen shekarar 959. Sabta da Tanja dai sun gagare su, suka ci gaba da zama a hannun Umayyawa.

An ruwaito cewa da rundunar ta isa bakin Tekun Atlantika, Jauhar ya sa aka kamo kifi da ransa, aka zuba a tuluna da ruwan teku, aka aika wa halifa. Manufarsa ita ce Mu'izzu ya gani da idonsa cewa ikonsa ya kai iyakar ƙasa. Daga wannan yaƙi ne halifa ya tabbata ya sami wanda zai danƙa wa babban burin gidansu, wato cin Masar.

Tafiya Masar

Tun kafin zamanin Mu'izzu, Fatimiyyawa sun sha kai wa Masar hari, har da na shekarar 914 da na 919, amma kullum sai a koro su. Wannan karon al'amura sun sake. Masar tana hannun gidan Ikshid, waɗanda ke mulki da sunan Abbasiyawa. Kafur, wanda ya daɗe yana riƙe da ragamar ƙasar, ya rasu a shekarar 968, manyan sojoji suka shiga jayayya da juna. Ban da wannan, Kogin Nilu ya yi shekaru bai cika yadda ya saba ba. Hatsi ya yi tsada, yunwa da annoba suka yi ta kashe mutane, 'yan fashi suka tare hanyoyi, har tafiya aikin hajji ta gagara.

Mu'izzu bai yi gaggawa ba. Sai da ya sa aka haƙa rijiyoyi a kan hanyar Barƙa, aka tara dukiya da guzuri, aka kuma aika mutane a asirce su shawo kan manyan Masar. A watan Fabrairu na shekarar 969 Jauhar ya tashi daga kusa da Ƙairawan. Marubutan da sun ce mayaƙansa sun kai dubu ɗari. Ranar ban kwana halifa ya umarci kowa, har 'ya'yansa da 'yan'uwansa, su sauka daga kan dawakinsu don girmama Jauhar. Aka kuma rubuta wa hakiman da ke kan hanya su yi haka nan idan ya iso. Hakimin Barƙa ya nemi ya biya dukiya mai yawa a ɗauke masa wannan, halifa ya ƙi. A lura da abin da ke cikin wannan umarni: Mu'izzu yana sanar da jama'a cewa duk wanda ya ga Jauhar, shi ya gani.

Takardar aminci

Rundunar ta shiga Iskandariyya ba tare da an zub da jini ba. Da labari ya isa Fusɗaɗ, wanda shi ne babban birnin Masar a lokacin, sai waziri Ja'afar ɗan al-Furat da manyan gari suka ga ba su da ƙarfin tsayawa. Suka tura jakadu ƙarƙashin Sharif Abu Ja'afar Muslim, suka sami Jauhar a wani gari da ake kira Taruja.

A nan ne magatakarda ya nuna gwanintarsa. Jauhar ya rubuta musu takardar aminci. A cikinta ya yi alkawarin kare rayukansu da dukiyoyinsu, da tsare ƙasar daga abokan gaba, da buɗe hanyar hajji, da gyara kuɗin da aka gurɓata, da soke harajin da ya saɓa wa shari'a, da gyara masallatai. Abin da ya fi kwantar wa Misirawa hankali shi ne alkawarin da ya yi cewa za a bar su a kan mazhabarsu, domin galibin Musulmin ƙasar 'yan Sunna ne.

Sojojin Ikshid ba su yarda da wannan sulhu ba. Suka ja dāga a bakin kogi wajen Giza, suka tsare mashigi. Jauhar ya umarci Ja'afar ɗan Fallah, ɗaya daga cikin jarumawan Kutama, ya ƙetare da mutanensa ta wani wuri. Aka gwabza, sojojin Ikshid suka watse, waɗanda suka tsira suka gudu Sham. Mutanen gari suka tsorata, suna zaton tun da an karya sulhu za a washe su. Jauhar bai kama talakawa da laifin sojoji ba, sai ya sabunta musu amincin. Ranar 6 ga Yuli, 969, daidai da 17 ga Sha'aban, 358 bayan Hijira, ya ratsa Fusɗaɗ da rundunarsa, ya yi sansani a wani fili arewa maso gabas da birnin.

Kafa sabon birni

A wannan fili ne aka fara haƙa harsashin fadar halifa, aka kuma kewaye wurin da ganuwa ta tubalin ƙasa. Kowace ƙungiyar mayaƙa aka yanka mata unguwarta: Kutama, da Zuwaila, da mutanen Barƙa, da Rumawa. Hikimar wannan ita ce a raba sojoji baƙi da mutanen Fusɗaɗ, don kada zama wuri ɗaya ya haifar da fitina. Da farko an kira birnin Mansuriyya, sunan babban birnin Fatimiyyawa na Tunisiya. Sai da Mu'izzu ya iso aka sa masa suna Alƙahira, wato mai rinjaye.

Akwai wata hikaya da ake bayarwa game da sunan. Wai an kewaye filin da igiya mai ƙararrawa, aka ce wa magina kada su fara aiki sai masu duban taurari sun ga sa'a sun kaɗa ta. Sai hankaka ya sauka a kan igiyar, ƙararrawa ta yi ƙara, magina suka kama aiki a daidai fitowar tauraron da Larabawa ke kira al-Ƙahir. Masana tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin hikaya kawai.

A shekarar 970 Jauhar ya fara gina babban masallacin birnin, wanda aka sani da Azhar, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a watan Ramadan na shekarar 361, wato 972. Ganuwar Jauhar ta rushe tuntuni. Ƙofofin dutse da ake gani a yau, Babul Futuh da Babun Nasr da Bab Zuwaila, waziri Badar al-Jamali ne ya gina su tsakanin 1087 da 1092. Azhar kuwa yana nan. Daular Fatimiyya ta faɗi a shekarar 1171 a hannun Salahuddin, daga baya masallacin ya zama babbar cibiyar ilimin Sunna, inda ɗalibai daga Borno da ƙasar Hausa suka daɗe suna zuwa neman ilimi.

Riƙon ƙasa

Cin ƙasa daban, riƙe ta daban. Jauhar bai kori ma'aikatan da ya tarar ba. Ya bar Ibn al-Furat a kan aikinsa, ya bar alƙali Abu Ɗahir, amma a kowace ma'aikata ya ajiye wani mutumin yamma kusa da Bamisire, ya riƙa sa ido. Kowace Asabar yakan zauna da waziri da alƙali da malamai, ya saurari kukan waɗanda aka zalunta. Ya naɗa mai hisba wanda ya hukunta masu ɓoye hatsi, aka kuma tilasta wa dillalai su riƙa sayarwa a fili. Aka buga sabon dinari mai kyau da sunan Mu'izzu.

Ta fuskar addini kuwa, a hankali ya bi. Tun Juma'ar farko aka cire sunan halifan Bagadaza daga huɗuba a masallacin Amru ɗan al-As, aka sa na Mu'izzu, liman ya sa fararen tufafi a maimakon baƙaƙen Abbasiyawa. Amma sai da aka yi watanni kafin a shigo da kiran salla irin na Shi'a a masallacin Ibn Ɗulun. Waɗannan sauye-sauye ba su yi wa Misirawa da yawa daɗi ba, sai dai ba a tilasta wa jama'a barin mazhabarsu ba.

Babbar jarrabawa ta zo a shekarar 971. Ja'afar ɗan Fallah, wanda Jauhar ya tura Sham, ya ci Ramla da Dimashƙa, amma Ƙaramiɗa daga gabashin Arabiya, ƙarƙashin Hasan al-A'asam, suka auka masa suka kashe shi, suka nufo Masar. Jauhar ya sa aka haƙa dogon rami mai zurfi a arewacin sabon birnin, wajen Ainu Shams, ya raba wa mutane makamai. A watan Disamba aka yi kwanaki ana fafatawa a bakin ramin, daga ƙarshe Ƙaramiɗa suka juya da baya. Da birnin ya faɗi a wannan rana, da aikin shekara biyu ya tashi a banza.

Mayar da amana

Da ƙasa ta lafa, Jauhar ya aika wa ubangidansa ya zo. Mu'izzu ya taso da iyalinsa da dukiyarsa, har da akwatunan gawarwakin kakanninsa, alamar ba shi da niyyar komawa. Ya iso a watan Yuni na shekarar 973. Mutanen Fusɗaɗ sun ƙawata garinsu don tarbarsa, amma bai bi ta ciki ba, kai tsaye ya wuce fadar da aka gina masa. Jauhar ya miƙa masa ƙasa da baitulmali da runduna. Ba a daɗe ba aka sauke shi, aka danƙa harkar kuɗi a hannun Yaƙub ɗan Killis da wani abokin aikinsa. Jauhar ya koma gefe, ba a ji ya ta da ƙayar baya ba.

Ba za a gane nauyin wannan ba sai an tuna abin da ya gabata a Masar ɗin kanta. A shekarar 868 an turo Ahmad ɗan Ɗulun ya riƙe ƙasar da sunan Abbasiyawa, sai ya mai da ita gadon gidansa. Kafur ma bawa ne da aka 'yanta, aka ba shi riƙon 'ya'yan ubangidansa, ya ƙare shi ne mai ƙasa. Jauhar yana da runduna, yana da dukiyar Nilu, tsakaninsa da halifa kuma tafiyar watanni ce. Hanyar da waɗancan suka bi a buɗe take, amma bai bi ta ba.

Ƙofar Asƙalan

Mu'izzu ya rasu a shekarar 975, ɗansa Aziz ya gaje shi. A lokacin wani jarumin Baturke mai suna Alftakin ya kama Dimashƙa. Sai aka tuna da tsohon sarkin yaƙi. A shekarar 976 Jauhar ya fita, ya yi wa Dimashƙa ƙawanya wata da watanni. Alftakin ya nemi gudummawar Ƙaramiɗa, suka zo. Reshe ya juye da mujiya: Jauhar ya ja da baya zuwa Ramla, daga nan zuwa Asƙalan, inda aka tsare shi fiye da shekara guda, har yunwa ta ci ƙarfin mutanensa.

A shekarar 978 ya nemi sulhu. Aka yarda ya fita, amma da sharaɗi: za a rataye takobin Alftakin da mashin shugaban Ƙaramiɗa a ƙofar gari, shi da mayaƙansa su bi ta ƙarƙashinsu. Mutumin da 'ya'yan halifa suka sauka daga dawaki dominsa ya sunkuyar da kai ya wuce, ya tsirar da sauran mutanensa. Da ya koma, ya ba Aziz shawara ya fita da kansa. Halifa ya fita, Jauhar na tare da shi, aka karya Alftakin kusa da Ramla a wannan shekara. Aziz ya yafe wa Alftakin, har ya jawo shi fada ya ɗaukaka shi. Daga nan tauraron Turkawa ya fara haske a rundunar Fatimiyya, na mutanen yamma ya fara dushewa.

Jauhar ya rasu a Alƙahira a shekarar 992, wato 381 bayan Hijira. Ɗansa Husaini ya zama shugaban sarakunan yaƙi a zamanin Halifa Hakim, amma daga baya halifan ya sa aka kashe shi.

Kwatanci

Haɗa takobi da mulki a hannun mutum ɗaya tsohuwar matsala ce. Mutanen birnin Rum na Italiya, bayan sun kori sarkinsu na ƙarshe wajen shekarar 509 kafin haihuwar Annabi Isa, sun magance ta da doka. Kowace shekara sukan zaɓi shugabanni biyu da ake kira kwansul, su jagoranci runduna, su kuma shugabanci gari. Kowanensu na iya hana ɗan'uwansa zartar da abu, shekara na cika kuma su sauka. Suna yabon wani tsohon kwansul mai suna Sinsinatus, wanda aka ce an ba shi cikakken iko a shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ci yaƙi, ya ajiye mulki cikin kwana 16, ya koma gonarsa.

A ƙasar Hausa kuwa, akwai sarautun yaƙi kamar Madawaki, da Kaura a Katsina. Sarakunan Kano sun kuma riƙa danƙa manyan al'amura ga bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, domin ba su cikin masu neman gadon sarauta. Jauhar ya fi kusa da waɗannan. Ba jama'a suka zaɓe shi ba, ba a yanka masa wa'adi ba, ba shi da abokin riƙo da zai taka masa birki. Abin da ya tsare shi shi ne abin da Hausawa ke kira riƙon amana.

Ma'anar kalmomi

magatakarda: mai rubuta wa sarki wasiƙu da adana su.
'yanta: fitar da bawa daga bauta.
ba da tuta: naɗa mutum jagoran yaƙi da izinin shugaba.
ƙawanya: kewaye gari da mayaƙa, ba shiga ba fita.
ja dāga: jera mayaƙa a shirya faɗa.
mashigi: wurin da ake ƙetare kogi.
washe: kwashe dukiyar mutane da ƙarfi.
sansani: wurin da mayaƙa suka sauka.
ganuwa: katangar da ta kewaye birni.
gudummawa: taimakon da ake kai wa wanda ke cikin wahala ko yaƙi.
ta da ƙayar baya: yin tawaye ko bijirewa.
reshe ya juye da mujiya: al'amari ya koma kan wanda ya fara shi.

Lura da nahawu

Idan ana jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya a cikin labari, ana amfani da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: suka, aka, muka. Misali: Suka ci Sijilmasa, suka kama sarkinta. Idan kuwa ana bayyana halin da ake ciki, ko abin da ya riga ya faru kafin labarin ya ci gaba, sai a yi amfani da na ɗaya: sun, an, mun. Misali: Mutanen Fusɗaɗ sun ƙawata garinsu. A kuma lura da ginin sharaɗin da bai auku ba, mai da a farkon kowane sashe: Da birnin ya faɗi, da aikin ya tashi a banza.

Tambayoyi

1. Kawo laƙubban Jauhar guda huɗu, ka faɗi abin da kowannensu ke nunawa.
2. Me ya sa Jauhar ya aika wa halifa kifi a tuluna?
3. Wane hali Masar take ciki a shekarar 968?
4. Lissafa alkawura biyar da ke cikin takardar aminci.
5. Don me aka gina wa sojoji birni dabam da Fusɗaɗ?
6. Ta yaya Jauhar ya bambanta da Ahmad ɗan Ɗulun da Kafur?
7. A ganinka, fitar Jauhar daga Asƙalan abin kunya ne ko dabara? Kawo hujja.

Aiki

(a) Nemo jimloli biyar masu suka ko aka daga sashen Takardar aminci, ka mai da su korarru.
(b) Yi amfani da kowace ɗaya daga waɗannan a jimla taka: ja da baya, sa ido, shawo kai, jawo a jika.
(c) Rubuta shafi ɗaya a kan wani shugaba na ƙasarku da aka ba riƙon mulki, ka bayyana ko ya mayar da amana ko bai mayar ba.